Bindigar Saje Ta Ƙi Haɗuwa

Shekara talatin da ɗaya Saje ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiye makamai na 'yan sanda. Ya daɗe da wuce muƙamin saje kafin ya yi ritaya, amma sunan ya manne masa kamar kaska, har matarsa ma da shi take kiransa. Shi kuma Malama yake ce mata, don ta koyar da lissafi a firamare har gwiwoyinta suka ƙi tsayuwa. 'Ya'yansu duk sun watse, kowa da gidansa. Auta ce kaɗai ke aure kusa, ita da mijinta sukan leƙo su ƙarshen mako.

Yana da ƙaramar bindiga baƙa, tasa ta kansa, da takardarta, tsawonta bai fi tafin hannunsa ba. Ko ɓera bai taɓa harbi da ita ba. Tana kwance cikin akwatin ƙarfe a ƙasan kabad, harsasai kuma a wani akwatin daban. Bayan 'yan watanni yakan ciro ta, ya kwance ta, ya goge, ya mayar. Ranar Litinin za a sabunta masa lasisi, kuma ƙa'ida ce ka je da bindigar a gani. Saje kuwa ba zai kai wa yaran yanzu bindiga da ƙura ba.

Saboda haka ranar Asabar da safe, bayan ya sha shayi, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin cin abinci. Ya ajiye kwalbar mai, da tsumma, da ɗan buroshi, da tsinken ƙarfen da ake goge cikin bututu da shi. Ya duba sau biyu ya tabbatar ba harsashi a ciki, ko da yake ya san babu. Sannan ya kwance ta. Hannunsa ne ya yi aikin, hankalinsa na kan rediyo. Ya jera sassan a kan tawul, ya fara gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Yana cikin haka aka buga ƙofa. Mai duba mitar ruwa ne. Saje ya fita, suka tsaya a bakin ƙofa suna musu a kan ko mitar ce ke yoyo ko bututun bayan gida. Musun ya ɗauki kamar minti goma.

A cikin minti goman nan Malama ta fito daga kicin, ta tsaya a kan teburin. Ta dubi ƙarafan, ba ta san sunan ko ɗaya ba. Ta zaɓi mafi ƙanƙanta, wani ɗan siriri baƙi mai tsaga a ka kamar idon allura, ta ce a ranta ai irin waɗannan ƙananan su ne ran abu. Ta damƙe shi, ta koma kicin, ta jefa shi cikin gwangwanin ganyen shayi ta rufe.

Ba don mugunta ta yi ba. Mako uku da suka wuce, da rana tsaka, mijin Auta ya zo gyara musu famfon banɗaki. Saje ya fito daga ɗaki ya gan shi a lungu da sifana a hannu. Ya tsaya cak, ya ce, "Kai wane ne? Wa ya ba ka izinin shigowa gidan nan?" Mijin Auta ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Saje bai yi dariya ba. Ya juya ya shige ɗaki, Malama ta bi shi, ta tarar da shi durƙushe gaban kabad yana laluben makulli a aljihu. Ta ce, "Saje, surukinka ne fa." Ya ɗago ya dube ta, ya miƙe, ya ce takalminsa yake nema. Da yamma yana ta hira da surukin kamar ba a yi ba. Tun ran nan Malama ba ta iya wuce kabad ɗin ba tare da gabanta ya faɗi ba. Ta rasa yadda za ta yi masa maganar. Yau da ta ga bindigar a warwatse, sai ta ga kamar an buɗe mata ƙofa.

Saje ya dawo yana mita, ya wanke hannu, ya zauna. Ya ɗauki mariƙin bindigar a hannun dama, ya kai hannun hagu kan tawul.

Hannun ya tsaya a sama.

Kamar mutum ya shiga ɗaki da sauri, ya tsaya a tsakiya ya manta abin da ya kawo shi. Ya jira abin ya dawo. Bai dawo ba. Ya ajiye mariƙin, ya ɗauki bututun, ya juya shi. Ya ɗauki murfin sama, ya zura bututun ciki, ya ƙi zama. Ya juya ta ɗaya gefen, nan ma ya ƙi. Ya danna sifirin, naɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle, sifirin ya kuɓuce masa, ya yi tsalle ya bugi kofin shayi ya faɗo ƙasa.

"Kai!" in ji Saje.

Ya ɗauko shi, ya rage ƙarar rediyo, ya gyara zaman tabarau. Ya mayar da komai kan tawul don ya fara daga farko. To amma a wane jeri suke ɗazu? Ya san yana da jerin da bai taɓa saɓawa ba, wanda ya koya wa ɗaruruwan kurata yana daka musu tsawa. Daga hagu ake farawa ko daga dama? Ya ƙirga sassan, ya samu bakwai. Ya sake ƙirgawa, ya samu takwas, sai ya ga ashe har da murfin kwalbar mai ya haɗa. To nawa ya kamata su zama? Bakwai ta zo masa, ta zauna daidai. Takwas ma ta zo, ita ma ta zauna daidai.

Sai kuma can wani tunani ya faɗo masa, ya ji kamar an sauke masa kaya. Ai akwai abin da babu! Shi ya sa ta ƙi haɗuwa. Wa zai haɗa abin da bai cika ba?

"Malama!"

"Na'am."

"Kin taɓa teburin nan?"

Daga kicin ta ce, "Me zan yi da teburinka? Albasa nake yankawa."

"Wani abu ya faɗi."

"Wane abu?"

Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga bai san sunan abin ba, bai ma san kamanninsa ba. Ya ce, "Wani ɗan ƙarfe. In kin gan shi za ki gane."

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya janye kujeru, ya naɗe darduma, ya kakkaɓe ta. Ya ɗauko tsintsiya ya share falon kaf, abin da Malama ba ta taɓa gani ba a shekara arba'in da aurensu. Ya tara sharar a kan jarida yana tonawa da yatsa. Daga nan ya tuna da mayen ƙarfen da ya ciro daga wata matacciyar rediyo, ya ɗaure shi da zare, ya yi ta jan sa a ƙasa kamar mai kamun kifi. Ya kamo allura uku, da fil, da wata ƙusa, da makullin kwaɗon da suka fasa bara don ya ɓata. Ya kai ƙusar kan tebur ya gwada ta a kowane rami. Ba gidanta.

"Kyanwar nan ce," in ji shi. "Tun ɗazu take zagaye."

"Kyanwa na kan katanga tun safe," in ji Malama, ba ta ɗago daga kan tukunya ba.

"To mai mitar nan. Na ga idonsa bai tsaya wuri ɗaya ba."

"Ai bai shigo ba."

"Ya shigo mana. Nan ya tsaya, kusa da firij."

"Saje, a bakin ƙofa kuka tsaya. Ina jin ku."

Ya dubi wajen firij ɗin. Yana ganin mutumin a wurin sarai, da hularsa da littafinsa. Yana kuma ganinsa a bakin ƙofa sarai. Ya rasa wanne ne na yau, wanne ne na watan jiya, ko kuwa ɗaya ma ba a taɓa yi ba. Ya koma ya zauna.

Rana ta take. Malama ta kawo shinkafa ta ajiye a ƙarshen tebur, nesa da tawul. Bai taɓa ba. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye. Ƙarafan da ya sani kamar yatsunsa sun koma masa baƙi, kamar kalmar da ka yi ta maimaitawa har ta daina ma'ana. Abincin ya huce.

"Ka ci mana," in ji ta.

Bai dube ta ba. Ya ce a hankali, "Malama, na share ko'ina. In ba a ga ƙarfen nan ba, to ba ƙarfe ne ya ɓata ba." Ya ɗora yatsa a goshinsa. "Nan ne."

Ta tsaya riƙe da jug ɗin ruwa. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa zargi, ta ma shirya ta rantse in ta kama. Wannan ce ba ta shirya wa ba. Ta ajiye jug, ta shiga kicin, ya ji ƙarar buɗe gwangwani. Ta dawo ta ajiye ɗan ƙarfen a kan tawul, da ɓurɓushin ganyen shayi a jikinsa.

"Ga shi. Ni na ɗauka."

Ya dubi ƙarfen, ya dube ta. "Ke?"

"Ni."

"Ina ta rarrafe kamar jariri, ina sharar gida, kina kallona?"

"Ina kallonka."

"Don me?"

Ta ja kujera ta zauna, ta faɗa masa labarin ranar famfo, tun daga sifana har zuwa takalmi. Yana saurare da baki a ɗan buɗe.

"Yaushe aka yi haka?"

"Mako uku ke nan. Ranar Laraba."

"A gidan nan?"

"A lungun can."

"Ni? Yaron da ni na ba shi 'yata da hannuna, in ce ban san shi ba?" Ya girgiza kai. "Wasa dai na yi masa, ba ku gane ba. Ko kuma mafarki kika yi."

"Da rana tsaka, ina tsaye da ƙafafuna?"

Ya so ya yi fushi sosai, kuma ya yi, amma wani daɗi ya danne fushin. Ya ɗaga ɗan ƙarfen sama, ya hure ganyen shayin. "Kin gani ko? Ban ce miki akwai abin da babu ba? Kan nan lafiyarsa lau. Shekara talatin da ɗaya, sai a cire mini abu ban sani ba? Maganar ɗazu kuma za mu yi ta, bari in gama."

Ya jawo farantin ya ci loma uku a tsaitsaye, ya goge hannu, ya koma kan aiki yana ɗan fito.

Fiton bai daɗe ba. Ya gwada ɗan ƙarfen ta saman mariƙi, ya yi tsawo. Ya gwada ta gefe, ramin ya yi masa kaɗan. Ya zura shi cikin sifirin, ya shige kamar gidansa ne, ya ce yauwa, amma da ya zo rufewa komai ya cije. Ya ciro. Ya ga ƙarshensa ɗaya na da zare irin na noti, ya bi ramukan bindigar ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ake murza abu. Babu. Agogon bango ya buga biyu, ya buga uku.

"Kin lanƙwasa shi," in ji shi.

"Da me? Da ganyen shayi?"

"Ko kin canza shi. Wannan ɗin ne kika ɗauka?"

"Ƙarfe nawa gare ni a kicin, Saje?"

Yanzu ita ma ta rikice. Ta mayar da abin da ta ɗauka, ga shi ba a fita ba. Ko dai ta ɓata wani abu ne da ta taɓa shi? Ko wani ya faɗi lokacin da ta ɗauka? Ta shiga ɗaki ta kira Dogo a waya.

Dogo shi ne mataimakin Saje a ɗakin makamai shekara goma sha biyu, kuma don tsabar gajartarsa aka sa masa sunan. Shi ma ya yi ritaya, yana kiwon kaji a bayan gidansa. Kafin rabin awa sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

Ya shigo yana cire hular kwano, ya ƙame ya sara. "Ranka ya daɗe, an ce an yi juyin mulki a gidan nan."

"Wa ya kira ka?" in ji Saje.

"Babbar kwamanda. Ni kuma ka san ba na ƙin umarni." Ya gaida Malama, ya tambayi gwiwa, ya jawo kujera yana duban ƙarafan da ke kan tawul. "Ina marar lafiyar?"

"Malama ce ta ɗauke mini abu ta ɓoye a gwangwani, ta lalata shi. Yanzu ya ƙi shiga."

"Wanne?"

Saje ya tura masa ɗan ƙarfen. Dogo ya ɗauka, ko sakan biyu bai yi yana dubawa ba, ya fashe da dariya. Ya miƙa hannu ya ɗauko tsinken goge bututu, ya murza ɗan ƙarfen a bakin tsinken. Ƙarfen ya zauna ɗas. Ya yagi tsumma ya zura a tsagar, ya ɗaga.

"Ai kan tsinke ne. Malama, ashe abin goge-goge kika sace! Wallahi da ɓarayi irinki ne, da mun yi aiki cikin kwanciyar hankali."

Shi kaɗai ya yi dariyar. Ya dubi Malama, ya dubi Saje, dariyar ta tsinke a tsakiya. Ya ajiye tsinken a hankali.

Saje na kallon tsinken. Da hannunsa ya saye shi. Da hannunsa ya kwance kan nan yau da safe, ko jiya, ko dai wani lokaci. Awa biyu ya yi yana nema masa gurbi a cikin bindiga.

"Ƙirga mini su," in ji shi.

Dogo ya bi tawul ɗin da ido. "Sun cika, ranka ya daɗe."

"Ba abin da babu?"

"Babu."

"Tun safe?"

Dogo ya sosa ƙeya. "To, ni ban zo da safe ba."

"Kada ka yi mini wayo, Dogo."

"In wannan kaɗai aka ɗauka, tun safe a cike suke."

Malama ta ce, "Wato ni ban ɗauki komai ba ke nan?" Ta rasa ko ta ji sanyi don ba ita ta jawo ba, ko ta yi kuka don ba ita ta jawo ba. Ta ɗauki farantin shinkafar, ta tsaya da shi a hannu, ta sake ajiyewa inda yake.

Dogo ya matso da kujera. "Kawo in haɗa maka. Ka san ido ne, ni ma kwanan nan sai na kira jikata ta zura mini zare."

"Ba ido ba ne. Kuma ba ka haɗa mini."

"To shi ke nan."

Can Dogo ya ɗauki abu ɗaya daga kan tawul, ya ɗora a tafin hannun Saje. Saje ya riƙe. Dogo ya ɗauki na biyu ya miƙa masa. Saje ya gwada, ya ƙi. Dogo ya sa yatsa ɗaya ya juya masa shi. Ya shige. Ya miƙa na uku. Wannan karon yatsun Saje suka karɓa suka yi wani ɗan motsi da shi kansa bai san sun iya ba, abin ya zauna. Na huɗu ya ba su wahala, sifirin ya sake yin tsalle, Malama ce ta cafe shi a cinyarta ta miƙo. Haka suka yi ta yi. Aikin da a da Saje ke gamawa kafin ruwa ya cika kofi, ya ci musu minti ashirin. A ƙarshe ya ja murfin baya ya saki, ya ba da ƙara ƙas, mai tsabta.

"Ka ga," in ji Dogo. "Gwani ba ya tsufa."

Saje ya ajiye ta a kan tawul, bakinta na kallon bango. Ya dubi hannayensa. "In ka ce in sake, ban san ta ina zan fara ba."

"Wa ya ce ka sake?"

"Kuma ban san yadda na yi yanzun ba. Ina kallo ne kawai, kamar hannun wani."

Dogo ya jawo jug ɗin. Ya sha ruwa, ya ba da labarin wata kazarsa da ke kwanciya a kan dutse tana zaton ƙwai ne, ba a yi dariya sosai ba. Da zai tafi Malama ta raka shi ƙofa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Saje na jin muryarsu, bai tashi ba.

Washegari Auta da mijinta suka zo. Ko gama gaisawa ba a yi ba Saje ya ce wa surukin ya zauna kusa da shi.

"An ce na tare ka a lungu."

Mijin Auta ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. "A'a Baba, ba wani abu ba ne. Lungun ne ba haske sosai."

"Bar ladabin nan, ba shi na tambaye ka ba. Faɗa mini yadda aka yi, kamar kana ba da rahoto."

Ya faɗa masa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Har abin da Malama ba ta sani ba ya faɗa, cewa da Saje ya shige ɗaki, shi ya ajiye sifana ya fita ya tsaya bayan mota a tsorace. Saje ya saurara kamar ana ba shi labarin wani mahaukacin maƙwabci. Ya lalubi ranar a kansa, ya tarar da famfo na yoyo, ya tarar da famfo ya gyaru, tsakaninsu fili fetal.

"Ban tuna ba," in ji shi. "Ko kaɗan. Amma ba za ku haɗu ku uku ku yi mini ƙarya ba." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ko za ku iya?"

"Haba Baba," in ji Auta, idonta ya cika.

"Tambaya ce." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullai biyu, na bindiga da na harsashi, ya ajiye gaban Malama. "Riƙe. Kada ki sa a gwangwanin shayi."

Auta ta ce akwai likitan da ke duba irin wannan, ta riga ta tambaya, ranar Alhamis yake ganin mutane. Saje ya ce wato ashe an daɗe ana shawara a kansa. Ta ce eh. Ya ce to. Kafin su tafi aka tsayar da magana: gobe ba sabunta lasisi za a yi ba, miƙa bindigar za a yi. Shi da bakinsa ya faɗa.

Ranar Litinin Malama ce ta tuƙa. Saje na gefe, ya sa rigarsa mai guga, akwatunan biyu a kan cinyarsa, takardu a ambulan. Sun wuce shataletale sai ya ce, "Kin ɗauko hotunan? Ba sa sabuntawa sai da hoto biyu."

"Ba sabuntawa za mu yi ba, Saje."

"To me?"

"Miƙawa. Kai ka ce."

Ya dubi akwatunan. "Na ce?"

"Jiya. Gaban Auta."

Suka wuce gidan mai. Sannan ya ce, "Na tuna." Ba ta san ko ya tuna ɗin ba, ba ta kuma tambaya ba.

Titin ofishin ya cika, sai da suka zagaya sau biyu kafin su sami wurin ajiye mota. A teburin karɓar jama'a suka tarar da wata 'yar sanda, ba ta san shi ba. Ta karanta takardunsa, ta ciro fom ɗin sabuntawa ta tura masa. Ya ɗauki biro. Malama ta buɗe baki, ta rufe. Ya karanta kan fom ɗin sau biyu, yana bin layin da yatsa.

"Ba wannan ba, 'yata. Ɗayan. Na miƙawa."

"Baba, ka tabbata? In ka miƙa ba a mayarwa."

"Ban tabbata ba," in ji shi. "Kawo dai."

Ta kira wani kofur daga ciki ya zo karɓa. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki bindigar yana juya ta, bakinta ya bi ta kan 'yar sandar, ya bi ta kan Malama.

"Kai!" Muryar Saje ta cika ofishin, har wani mai shigowa ya ƙame a ƙofa. "Wa ya koya maka? Baki ƙasa! Ka duba cikinta kafin ka yi mata rawa?"

"An ce ba komai a ciki, Baba."

"An ce? Uban wa ya ce? Duba!"

Kofur ya saukar da bakin, ya duba, ya sake dubawa. Ya leƙa bututun ta wajen haske, ya ce ya daɗe bai ga mai tsabtar wannan ba. Saje ya jawo fom ɗin. A layin da aka ce a rubuta dalili ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta, tsufa. Ya sa hannu. Aka ba shi takardar shaida, ya ninke ta huɗu ya ba Malama.

Suka fito cikin rana. Malama ta kama hannun rigarsa ta yi hagu.

"Ina za ki?" in ji shi.

"Wajen mota."

"Mota na dama. Gaban shagon mai gyaran taya."

"Saje, ni na ajiye ta. Tana hagu, kusa da kantin magani."

"Nan kika so ajiyewa, wani mai farar mota ya riga ki."

Ta dube shi, ta sassauta murya irin yadda ta koyi yi a kwanakin nan. "To, zo mu duba hagu tukuna."

Ya bi ta bai yi musu ba, don shi ma ya fara shakka. Suka taka har kantin magani, a hankali saboda gwiwarta. Farar mota ce a wurin. Malama ta tsaya tana waige-waige, da makulli a hannu. Suka juyo, suka sake wuce ƙofar ofishin, suka yi dama. Motarsu na gaban shagon mai gyaran taya, mai shagon ma har ya jingina wata taya a jikinta.

Malama ta ce, "Ikon Allah."

"Ranar Alhamis ɗin nan," in ji Saje, yana jiran ta buɗe masa ƙofa, "ki ce wa Auta ta karɓo katin ganin likita biyu, nawa da naki."